Madubin da Ta Ba Babanta

Mai Ƙafa ake ce mata a asibitin, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekara ashirin da ɗaya tana jinyar masu ciwon suga, aikinta duba tafin ƙafa, don ciwon nan yana kashe jin zafi. Sai mutum ya taka ƙusa ya wuni yana hira.

Wasu ma'aikatan sukan daka wa tsoho tsawa ya cire takalmi, tsoho ya yi zuciya ya tafi, sai bayan wata shida a kawo shi ranga-ranga. Ita kuwa 'yar kujera take jawowa ta zauna ƙasa da shi, ta ajiye robar ruwan ɗumi.

"Baba, ka sha hanya. Kawo in rage maka gajiya."

Wanda kunya ta hana shi miƙa wa mace ƙafa, ba ta matsa masa. Madubi take ba shi mai dogon mariƙi, ya duba da kansa a ɗakinsa, ya faɗa mata abin da ya gani. Allah kaɗai ya san ƙafa nawa dabarar nan ta ceta.

Da ciwon ya kama mahaifinta, tsohon tela mai taurin kai, ta ɗauko robarta. Ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin keken ɗinki.

"Ni na haife ki. Ba za ki durƙusa kan dauɗata ba."

Sai ta ba shi madubi. Kullum kafin ta fita aiki takan leƙa: "Baba, ka duba?"

"Na duba, ras suke."

Wata bakwai ana haka. Ashe sugan ya riga ya ci masa ido, hazo kawai yake gani a madubin. Da ya daina ɗinki ya ce bayansa ne ke ciwo, ita kuma gwanar gano ƙaryar tsofaffi ta yarda. Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi. Warin gyambon ƙafarsa ne ya tona asirin, a lokacin ba sauran dabara, likita ya yanke ƙafar hagun daga ƙasan gwiwa.

Tana zuwa aiki har yau, tana raba madubi, amma zuciyarta ta sare da madubin, baƙin cikin kuma bai ragu ba. In ta dawo gida takan ɗumama ruwa, ta jawo 'yar kujera. Yanzu mahaifin nata yana miƙo mata ƙafar ba gardama. Guda ɗaya ce, wankin ba ya daɗewa.