Hoton da Ya Ƙi Buɗuwa a Ɗakin Malam Salissou

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga Maris, 2009, aka kira ni daga ma'ajiyar kayan da kake aiki a titin Wendover, aka ce ka dafe ƙirji ka zauna a kan kwali, ba ka sake tashi ba. Malam Salissou, ni ne Lamine maƙwabcinka, wanda kake ce wa mai hannun ɓarna. Matarka Fassouma ta yi mini tambaya daga Zinder, har yau na kasa amsa ta.

Kaf 'yan Nijar na Greensboro, da wuya a sami gidan da babu tsohuwar kwamfutar da ka tsinto a gwanjo ka tayar da ita. Idan sabuwar birauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ta fi ƙarfin na'ura, shafi ya tsaya cak, kai ake nema. Sai ka zo da sukudireba a aljihu, ka hure ƙura, ka share tarkace, ka kashe hotuna don rubutu ya samu ya fito. Kana yi kana mita: "Kun ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi, kuma kuna zaginsa." Ladanka shayi ne kawai, shi ma sai ka kushe shi.

A watan jiya tawa kwamfutar ta ƙi buɗe shafin jarrabawar aikin jinya, ga ranar rufewa ta matso. Ka gwada duk dabarunka, ta ƙi. Ka shiga ɗakinka ka dawo da wani ɗan falle kore, ka ce memori ne mai ƙara wa na'ura ƙarfi, ka cusa mata, shafi ya buɗe. Na tambaye ka inda ka samo, ka ce in ci tuwo in bar tambayar gona. Ashe daga cikin taka ka ciro.

Cikin makon ne Fassouma ta je shagon intanet ta aiko maka da hoton Rumasa'u, 'yarka ta fari, wadda ka bari a ciki, rashin takardar zama ya hana ka komawa ka gan ta. Taka kwamfutar, da ka rage mata ƙarfi, sai ta nuna fanko a wurin hoton, ta daskare. Na ce ka zo ka buɗe a tawa, ko mu je laburare. Ka kawar da kai, ka ce: "A gaban mutane? Bari dai ka gama jarrabawarka, Lamine. Yarinyar ba gudu za ta yi ba." Ko sunanta ba ka faɗa, saboda kunyar 'yar fari. Na gane kana tsoron hawayenka ne.

Na gama jarrabawa ranar Litinin. Talata ka tafi.

Bayan addu'ar uku na ciro fallen, na mayar a taka. Akwatin saƙonka yana nan yadda ka bar shi. Hoton ya sauko a hankali, daga ɗankwali zuwa goshi, zuwa idanu. Malam, goshinka ne, har da wushiryarka. Na zauna a kujerarka na yi kukan da ka ƙi yi a gabana.

Abin da Fassouma ta tambaya shi ne: "Ya ga hoton kuwa? Me ya ce?" Ta ce yarinyar ce ke son ji, don ita ta zaɓi atamfar da kanta. Idan na ce ka gani, na yi ƙarya a kan mamaci. Idan na ce ba ka gani ba, za a tambaye ni dalili, dalilin kuwa ni ne. Wallahi na rasa inda zan sa kaina, kuma ranar Jumma'a za ta sake kira.

Ya Allah, Ka jiƙan Salissou, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Ka ba Fassouma da 'yan uwansa na Zinder da mu na nan haƙuri. Ka raya Rumasa'u, Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna, ya kalle ta ido da ido, ya kira sunanta.