Ranar da Baba ya kira ni gona a kan darasin biri

Akwai wata ranar girbi a garinmu Galadi da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. A lokacin ban cika shekara ba da fara koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kaura Namoda, ina ji da kaina, rigata kullum a goge.

Da muka iso darasin da ke cewa halittu na sauyawa a hankali cikin dogon zamani, sai na ji tsoronsa. Na liƙa hoton nan na biri yana miƙewa har ya zama mutum, na zuba Turanci da sauri don in wuce. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to Allah fa?" Ni kuwa don in rufe bakinta na ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Har yau idan na tuna amsar nan kunya nake ji.

Magana a wajenmu ba ta jiran mota. Kafin kasuwa ta sake ci, 'yan acaɓa sun kai ta Galadi, ta zama wai ɗan gidanmu ya ce biri ne kakansa. Baba ya aiko a gaya mini in ajiye aikin in dawo gona. Hankalina ya tashi, don ina son koyarwa, kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba.

A kan babur na yi ta shirya hujjoji. Da na isa na tarar da shi a gona, bayan gaisuwa sai ya nuna mini tulin gero ya ce in taya shi fitar da iri. Haka yake yi kowace kaka kafin a ɗaure dami: ya ware zangarniyar da ta riga nuna, mai cikar ido, a rataye ta daban. Na ɗauko wata doguwa na miƙa masa, ya jefar.

"Malamin birai, shibra ta kag gani," in ji shi. "Ko ita ba ta hitowa jarrabawa?"

Shibra ita ce geron banza da ke tsirowa cikin na kirki, ƙwayarta na zubewa tun kafin a yanka. Baba ya ce idan mutum ya yi sakaci da zaɓen iri shekaru kaɗan, gonarsa ita za ta koma. Ya ce geron kakanmu ma ya fi wannan jinkiri, su ne suka yi ta zaɓen mai saurin nuna saboda ruwa na ɗaukewa da wuri.

Na ce, "Baba, ai abin da nake koyarwa ke nan. Iri na sauyawa. A gona kai ke zaɓe, a daji kuma fari da cuta ke zaɓe."

Ya murza zangarniya a hannunsa, ya ce, "Ni ka zaɓe, amma ban taɓa hudda tsiro ko guda ba. Wa ka huddo shi?"

"Allah."

"To mi ya hana ka hwaɗa ma yarinyar mutane hakanan? Ta tambaye ka Ubangijinta, kac ce mata jarrabawa."

Ashe abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, ba birin ba. Na yi masa bayani cewa littafin ma bai ce biri ya haifi mutum ba, dangantaka ta asali yake nufi. Baba ya girgiza kai, ya ce shi dai a kan mutum na farko ya tsaya inda Alƙur'ani ya tsaya, kuma ba zai matsa ba. Na ce ni ma na yi imani da abin da Alƙur'ani ya faɗa, yadda ya haɗu da ƙasusuwan da masana ke tonowa kuwa ban sani ba, Allah ne masani. Wannan ne karo na farko da na furta "ban sani ba" a kan darasin, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Da la'asar ya rako ni bakin hanya. Ya ce in koma aikina, da sharaɗin in nemi yarinyar a gaban 'yan ajinsu in amsa mata kamar yadda na amsa masa. Ranar Litinin na yi hakan.

Baba ya rasu ba mu gama daidaitawa a kan darasin ba, amma bai sake ce mini in bar allo ba. Abin da na koya a gonar nan shi ne, sanin yadda abu ke faruwa bai raba ni da Wanda ya sa shi faruwa ba. Tsorona ne ya kusa raba ni da ubana, don na kasa amsa wa yarinya tambayar da ta yi da gaskiya.