Awa Biyar Tsakanina da Jikata

Sabon Tasha, Talata

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na kulle ɗakina. Yayana Yohanna yana tsaye a bakin get, ya zo ƙoƙarinsa na ƙarshe.

"Rifkatu, yarinyar da ta tsallake mu ta auri Bahabashe, ita za ki bi? Ke da ko Legas ba ki taɓa zuwa ba?"

"Yaya, Saratu ta haihu. Wa zai yi mata wankan jego?"

"Dangin mijin."

"Tana da uwa," na ce, na tsayar da keke.

Hanyar Abuja

Motarmu ta cika a tashar Kwamand ƙarfe shida. Shingen sojoji biyu muka wuce kafin Kateri, a Tafa muka tsaya na sayi ƙosai. Kilomita ɗari da tamanin da 'yan kai, amma saboda aikin hanya sai goma da rabi muka isa filin jirgi.

Wajen bincike wata ma'aikaciya ta buɗe jakata, ta toshe hanci.

"Mama, mene ne wannan?"

"Daddawa, kuka da yajin jego."

"Gara ki bar su nan."

"Nuna mini inda doka ta hana. In ta hana, a nan zan zauna in cinye."

Ta kira babbansu, ya duba ya yi dariya, ya ce a ƙara naɗewa da leda a sa cikin babban akwati.

Cikin jirgi

Mun tashi biyu saura na rana. Da ƙafafun jirgin suka bar ƙasa, na damƙe hannun kujera ina karanta Zabura a zuci. Wani Alhaji ɗan Tudun Wada da ke gefena, mai fataucin takalma, ya nuna mini taswira a allon gabana.

"Kusan kilomita dubu uku da ɗari biyar ne zuwa Addis Ababa, Mama. Awa biyar babu kaɗan."

Shekara uku ban ga 'yata ba, ana ce mini ƙarshen duniya ta tafi. Ashe lokacin tafiyar bai fi na tashi daga gida zuwa Jos a mota ba. Haushi ya kore mini tsoron.

Addis Ababa

Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Surukina Dawit ya tarbe ni da bargo, don garin akwai sanyi. Ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Mama," da Hausar da ya yi wata guda yana koyo. Saratu ta ɗora mini jaririyar.

Kwana arba'in na yi. Na ci wainarsu mai tsami, su ma sun sha miyar kuka.

Komawa

Ranar Lahadi da la'asar na sauka Sabon Tasha. Matan zumuntar cocinmu sun cika tsakar gida suna karɓar wayata hannu-hannu don ganin hoto. Na gode musu, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Da suka tambayi sunan jaririyar, na faɗa da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji: Rifkatu.