Baba Isuhu da Tirelar da Ya Ƙi Shafa wa Fenti

Ranar Laraba ce, ina tashar Konni ina jiran a gama loda mini kaya, wayata ta yi ƙara da hantsi. Na duba na ga sunan Baba Isuhu. Kwana tara ke nan rabona da yi masa magana, don haka na bar ta ta yi kukanta har ta gaji, na mayar da ita aljihu. Bayan azahar da kaɗan sunan ya sake fitowa. Na gyara murya, na shirya sallama wadda ba yabo ba fallasa, na ɗauka. Sai na ji muryar Lawali, babban ɗansa.

"Ma'azu, Baba ya rasu. Yanzun ga. Ya gama salla ya koma bakin aiki, yaf faɗi, shi ke nan."

Na ce wane Baba? Ya faɗa mini. Na sake cewa wane Baba? Sai da wani direba da ke kusa ya ga yadda nake riƙe da ƙofar mota, ya karɓi wayar ya saurara, ya yi salati, sannan bakina ya iya furta cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Mutumin da ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi kukansa ba. Mutumin da na hango shekaranjiya a bakin titi yana ɗaga ƙarfe shi kaɗai. Har yau da nake wannan rubutu, in na bi ta Dogarawa sai na waiga rumfarsa, don zuciyata ba ta gama yarda ba.

Na isa ana shirin sallar jana'iza bayan la'asar. Makarar da aka ɗauke shi a ciki shi ya ƙera ta da hannunsa, shekarun baya, lokacin da ta itace ta karye. Ya yi mata hannaye shida maimakon huɗu, ya ce don kada a bar tsofaffi a baya wajen neman lada. Na kama ɗaya daga cikin hannayen nan, na ji tabon waldarsa a tafina, na kasa ganin hanya.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Isuhu mai walda ne a bakin titin Dogarawa, fiye da shekara talatin a rumfa ɗaya. Aminin mahaifina ne, marigayi Abdu direba, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba sai "ɗan Abdu", ko da furfura ta fara fito mini. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba mai saurin aiki ba ne, wannan kowa ya sani, har ana tsokanarsa cewa in ka kai masa ƙofa ranar auren ɗiyarka, ka karɓa ranar suna. Amma abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa. In an kawo masa amalanke gyara, jakin yake fara dubawa. In ya ga gyambo a bayansa sai ya sake zaman sandunan, ko mai shi bai nema ba. Matan gari kan aiko da tukunyar da ta huje ko murhun da ƙafarsa ta cire, ya gyara ya ce a gai da gida. Yana da wata ƴar guduma da ƙotarta ta yi santsi don riƙo, ba ya yanke hukunci a kan ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. Yakan ce, "Ƙarhe ba shi ƙarya, mai shi dai ka yi."

Abin da ya shiga tsakanina da shi, tirelar jirgi ce.

Wani Bature da ya yi aikin noman rani a yankinmu yana da ƙaramin farin jirgin ruwa, irin wanda ake kafa wa doguwar sanda a ɗaura ƙyalle iska ta tura. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa mai gadinsa jirgin da tirelar da ake jansa a kai, ni kuma na saya a hannun mai gadin. Sandar ta zama turken fitila a ƙofar masallacinmu, ƙyallen ya zama rumfar mai shayi, jirgin kuwa ya shiga aiki na gaske. Bayan damina ina kai wa masunta shi daga wannan tabki zuwa wancan, da damina kuma in ƙorama ta raba ƙauye da kasuwa, ni ake kira. Tirelar doguwa ce siririya, da robobi masu juyawa da jirgin ke gangarawa a kansu, da ƴar na'urar murɗa igiya a gaba. Ba a sauke jirgi sai an yi baya da ita cikin ruwa har tayoyi su nutse. Shekara goma sha ɗaya tana wannan wanka.

Bana na ga ta fara karkata, na ƙudurta in sayar in nemi wata. Na sami mai so, Alhaji Sahabi daga wajen Illela, wanda zai shimfiɗa mata katako ya riƙa jan buhunan albasa da gero zuwa kasuwa. A waya muka tsaya a kan jikka ɗari uku na sefa in ya gani ta yi masa. Da wannan kuɗin, in na ƙara abin da na tara, zan iya sayen sabon ƙarfe a ƙera mini wata kafin ruwa ya sauka. Sai na ja ta zuwa Dogarawa, na ce, "Baba, a ɗan tada mata kafaɗar ga, a goge, a shafa mata fenti baƙi. Jibi mai saye na zuwa."

Ya ɗauko gudumarsa ya bi ta daga gaba zuwa baya. A gaba ƙarar tana tashi tangaran, daga tsakiya ta koma kamar ana bugun ɗanyar kabewa. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, "Wa yat toshe ramukkan ga?"

A ƙarƙashin kowane bututun tirelar akwai ƴan ramuka da ta zo da su. Zanzaro kan yi gini a ciki, ni kuma na ɗauka ta nan ruwa ke shiga ya ci ƙarfe. Shekara shida da suka wuce na tsaya wurin wani mai walda a hanya na sa ya liƙe su duka, har ina jin na yi dabara.

Na ce, "Ni na sa anka toshe su, Baba. Ta nan ruwa ka shiga."

Ya tashi zaune yana karkaɗe hula. "Ta nan ruwa ka hita, ɗan Abdu. Shiga kam, ko'ina shina shiga. Shekara nawa tana kwana da ruwa cikin ciki?"

Na ji kunya, kunyar kuma ta koma haushi. Na ce to nawa za ta yi in an sayar? Ya nuna da guduma: "Tayun ga da sauran ƙarhinsu. Abin murɗa igiya lahiya lau shike. Robobin ga a cire a aje. Abin da yar rage, ka kira masu sayen tsohon ƙarhe su aza ga sikeli." Na ce ai ba jirgi Alhaji zai ɗauka ba, albasa ce, kuma shi da bakinsa ya ce yana so. Ya dube ni ya ce, "Ka san wa ka zama bisa buhunna ranar kasuwa. Mata na, da goyo. Fenti ba shi ɗaukar kaya."

Na bar ta a wurinsa ina ganin kafin jibi zai sauko, tunda shi ma zai sami na aikinsa. Ranar da na zo da Alhaji Sahabi, tirela na nan yadda na bar ta, ko ƙura ba a share ba. Baba Isuhu ya gaisa da baƙon, ya ba shi kujera, ya miƙa masa gudumar ya ce ya buga nan, ya buga can. Alhaji ya buga, ya saurara, ya miƙe ya yi godiya, ya shiga motarsa.

A nan ne na faɗi abin da zan mutu ina nadamarsa. A gaban masu amalanke, a gaban Lawali, na ɗaga murya ga aminin ubana na ce, "Baba, walda na kawo maka, ba wa'azi ba. In ba ka iya taimako, kada ka ɓata." Ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa daga ƙasa, ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, ɗan Abdu," ya koma bakin aikinsa. Na tada mota na tafi, ko tirelar ban ja ba.

Tun da na fara tuƙi ban taɓa wuce rumfarsa ban danna masa oda ba, shi kuma ya ɗaga hannu ko bai waiwayo ba. A cikin kwana taran nan sau uku na wuce shiru. Na san yana da gaskiya tun kafin in kai Malbaza, garin da ke gaba kaɗan, a ranar farko. Abin da ya hana ni tsayawa, ina jiran in ga ta inda zan dawo ba tare da na sunkuyar da kai ba, kuma ina ganin akwai lokaci.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun ragu, aka ce Inna Hajo, matarsa, tana kirana. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, na fara cewa akwai abin da ya faru tsakanina da Baba. Ta tare ni. "Na sani. Ya hwaɗa min daren da abin yaf faru. Cewa yay yi ka yi halin Abdu, ku hau da wuri ku sauka da wuya. Dariya ma yay yi. Tashi Lawali shi nuna maka bayan rumfa."

A bayan rumfar, ƙarƙashin tsohon kwano, na ga tirela sabuwa fil, ba fenti, tsawonta da faɗinta daidai da tawa. Robobin tsohuwar suna jere a kanta, na'urar murɗa igiya tana gaba an wanke ta da mai, tayoyin an mayar. Lawali ya ce bututun da Baba ya daɗe yana ajiyewa don sabon rufin rumfarsa ne ya yanka. Tun washegarin faɗanmu ya fara, kuma a wannan karon bai yi jinkirin da aka san shi da shi ba. Saura maɗaurin gaba da ake haɗa ta da mota kawai, a kansa yake lokacin da ya faɗi. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Kowane bututu da ramukansa, an kewaye kowane rami da farin alli.

Lawali ya ce, "Ya ce in ka zo a nuna maka su, kada ka sake toshewa." Ya ƙara da cewa, "Da hantsin Larabar nan ya kira ka, don ka kawo jirgin a gwada zamanshi kahin shi liƙe gaba. Da ba ka ɗauka ba yac ce wataƙila kana tuƙi."

Ba tuƙi nake ba. Ina tsaye a inuwa, wayar tana hannuna, ina kallon sunansa.

Tsohuwar tirelar mun yanka ta ni da Lawali bayan kwana bakwai. Da wuta ta ratsa bututun tsakiya, baƙin ruwa ya zubo da garin tsatsa, ƙarfen ya koma sirantar bawon albasa, na sa yatsa na lotsa shi. A kan wannan na so a ɗora buhu ashirin da matan mutane, a bi hanyar Illela da ramukanta. Masu sayen tsohon ƙarfe sun aza ta a sikeli kamar yadda ya ce. Alhaji Sahabi ya zo gaisuwa tun daga garinsu, a kan mutumin da ya gani sau ɗaya, na rabin awa.

Lawali ya ƙarasa maɗaurin. Na roƙe shi ya bar waldar mahaifinsa yadda take kada ya goge, kuma har yanzu ban shafa mata fenti ba, don kada allin ya ɓace. Na san dole in shafa kafin damina, shi da kansa zai yi mini faɗa in na bar ƙarfe tsirara. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka ji na ɗaga masa murya a bakin titi su ji na janye a bainar jama'a. Shi ne mai gaskiya, ni ne mai laifi, kuma ya yafe mini tun kafin in nema.

Ya Allah, bawanKa Isuhu ya zo gare Ka. Ka ji ƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya kowace tukunya da ya liƙe kyauta, da kowane jaki da ya sauƙaƙa wa kaya, da rayukan da ya tsare ba su ma sani ba, a cikin mizaninsa. Ka ba Inna Hajo haƙurin wannan rashi na farat ɗaya, Ka albarkaci Lawali da ƙannensa, Ka sa albarka a rumfar da ya bari. Ni kuma Ka yafe mini kwana taran nan, Ka haɗa ni da shi a inda zan iya amsa kiransa. Amin.