Kwalin Frau Kuhnt

Ottmar Rehfeld ma'aikacin gidan waya ne a garinmu, Detmold ta ƙasar Jamus, ni kuma na fi shekara ashirin ina yi masa aski. Mutum ne mai tsafta, marar hayaniya. Abu ɗaya ke kwance masa baki: takardun kuɗin shekarar 1923, lokacin da kuɗi ya lalace har ana tura shi a baro zuwa gidan burodi. Kundi bakwai gare shi, kowace takarda da ledarta. A shagona Biloniya muke kiransa.

"Biloniya, ka saye garin nan mana kowa ya huta."

Sai ya yi murmushi ya ce canji ne ba shi da shi.

Da ya yi ritaya a 1984, ya sa sanarwa a jarida cewa yana sayen irin waɗannan takardu. Wata tsohuwar mai ɗinki, Frau Kuhnt, da ke haya a ɗaki ɗaya bayan tashar jirgi, ta aika masa ya zo. Ya tafi da murnarsa.

Ta ba shi kofi, ta ciro kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado. Cike yake da 'yan ɗari-ɗari da dubu-dubu, an ɗaure da zare. Ottmar ya duba, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa irin waɗannan sun yi yawa, ba mai saye.

"Na sani," in ji ta. "Mahaifinka ma ya sani ranar da ya kawo su."

Daga nan ta gaya masa. Gidan da aka haifi Ottmar a ciki, mai bene da lambu, inda yake zaune har lokacin, na mahaifinta ne. Ciwo ya sa ya sayar wa maƙwabcinsa Rehfeld, mahaifin Ottmar, a 1922, a kan za a biya bayan shekara ɗaya da rabi. Da ranar ta zo, Rehfeld ya kawo kuɗin cif a gaban shaida, ko fenik, wato kwabonmu, bai rage ba. A makon nan kuɗin ba sa sayen ƙwai ɗaya. Tana da shekara goma sha takwas, ita ta tura kayansu a amalanke suka fita.

Ottmar ya taso yana jin cewa da guminsa mahaifinsa ya mallaki gidan, kuma ya sha faɗa mana haka. Daga baya ya ce mini, a ɗakin nata ya rasa inda zai ajiye kofin da ke hannunsa.

Ya tambaye ta nawa za ta sayar. Ta ce ba na sayarwa ba ne.

"Ɗauki abinka, ɗan Rehfeld. Naku ne."

Haka ya ratsa gari da kwalin a hammata, kansa a ƙasa.

Sati uku bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Traudel. Sai wata ranar da shago ba kowa ya gaya mini, idonsa a rufe, almakashina a bayan kunnensa. Ya roƙe ni in hana mutane kiransa da sunan nan. Na hana su, ban ba da dalili ba.

Ya koma wurinta sau biyu. Da fari ya ce ta dawo ta zauna a ɗakin ƙasa kyauta. Ta ce ta tsufa da zama baƙuwa a gidan ubanta. Na biyu ya kai mata gawayin hunturu, ta karɓa, ta tilasta masa karɓar kuɗinsa. Bai sake zuwa ba. In zai je tasha, sai ya zagaya ta bayan coci don kada su haɗu.

Ya daina zuwa taron masu tara tsofaffin kuɗi na ranar Lahadi, ya ce musu idonsa ne ya yi rauni. Gidan kuwa bai sayar ba, bai bari ba. Traudel ta ce ba su da wani.

Frau Kuhnt ta rasu bayan shekara uku. Mu tara ne a wurin binne ta. Ottmar ya tsaya can baya, hularsa a hannu, da ɗan ƙanenta ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce tsohon mai kawo mata wasiƙa.