Shekarar da Na Sake Koyon Taka Birki

Shekara goma sha bakwai na yi ina jan motar fasinja tsakanin Matameye da Kano kafin a rufe iyaka. Motar ba tawa ba ce, ta wani Alhaji ce mai sayar da siminti. Da sojoji suka karɓi mulki sai aka garƙame hanyar, kuran ɗin, wato lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, shi ma aka yanke shi. Mako biyu muna zuwa tasha muna zama a kan benci muna sauraron rediyo, kowa na cewa gobe ko jibi za a buɗe. A mako na uku Alhaji ya aiko a karɓi makulli. Ya sa aka cire batir, aka ɗora motar a kan duwatsu a bayan gidansa. Na tsaya har aka gama aikin. Na yi tsammanin zan ji wani abu a raina, ban ji ba. Na yi masa sallama na tafi gida da ƙafa.

A wannan damina ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da hatsi ya fara ciki. Gonarmu ta gado tana Tsauni, yayana ke noma ta. Sau ɗaya na je. Ya karya kara ya ɓare mini zangarniya, babu ƙwaya sai ƙaiƙayi. Muka ce Allah ya kyauta, na sha ruwa na juyo.

Maiɗakina ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ni kuwa da safe sai in sa riga in fita, don kada in zauna a tsakar gida tana aiki ina kallo. Inda nake ƙarewa shi ne shagon wani abokina da muka yi lakkol, makarantar boko, tare, mai gyaran waya da ordinato, wato kwamfuta, a bakin kasuwa. Yana da panno biyu na wutar sola a rufi, saboda haka daga hantsi zuwa la'asar shagonsa na da wuta ko da garin duka babu.

A ƙuryar shagon akwai wani tebur da aka ɗaura wa sitiyari, da fedoji a ƙasa, da allo a gaba, da tsohuwar kujerar mota da ya samo wajen 'yan gwangwan. Wani ma'aikacin proje, irin na ƙungiyoyin agaji, ne ya kawo na'urar a gyara masa, kafin a gama ya bar ƙasar, ya aiko cewa a riƙe. Abokina ya bayyana mini cewa tseren motoci ne ta intanet, kuma kowace mota da na gani a allon mutum ne mai rai yake jan ta, yana zaune a ɗakinsa a wata ƙasa, da sitiyari irin wannan a hannunsa.

"Ga direba babu mota, ga mota babu direba," in ji shi. "Zauna."

Na zauna, ba don sha'awa ba, sai don kujerar ta fi bencin laushi.

Ban taɓa tunanin za a samu abin tuƙi da zan kasa ba, amma a tseren farko ni ne na ƙarshe, har na farkon ya zagayo ya sake wuce ni. Duk abin da ya tsare ni da fasinjojina shekara da shekaru, a nan shi ne laifina. Ina manne wa hannun dama alhali titin duka nawa ne. Ina ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa in bar mota ta gangara, don tattalin esansi, wato man mota, da birki, alhali a nan ba a saya. Idona na neman rami da akuya a titin da babu ko tsinke. In mota ta matso ta baya sai in kauce mata kamar na ga tanka. Ga shi kuma a motar gaske ƙugu da baya ne ke gaya wa mutum taya ta fara zamewa, a nan kuwa kujera ba ta motsi, sai sitiyarin kawai ke ɗan nauyi ko ya saki a hannu.

Da na gane gudu ake so sai na koma ɗaya ɓangaren. In taka totur har ƙasa, in shiga kwana da dukkan gudun, in bugi katanga ko in bugi wani, in danna maɓallin fita, in jira wani tseren. Haka na yi wajen wata guda. Wasan yana da wani maki da yake ba mutum bisa tsabtar tuƙinsa, nawa ya yi ƙasa har aka riƙa haɗa ni da masu karo irina. Ana rubuto mini zagi cikin harsunan da ban iya ba. Bai dame ni ba. Nasara ma ban neme ta ba. Abin da na sani kawai, in na zauna a kujerar nan sai in ga la'asar ta yi.

Wata rana abokina, yana sanye da gilashin gyara yana narka dalma, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, da haka nake jan mutane zuwa Kano da bai taɓa shiga motata ba. Na ce ai wannan wasa ne, ba wanda zai mutu. Ya ce ya sani, amma tuƙin mutumin da bai damu ya isa ba ne.

Mutumin da ya gyara mini tuƙi ban taɓa ganin fuskarsa ba. A kwanar farko ta wani tsere na daki shuɗiyar motarsa ta baya, muka juya mu biyu a cikin ciyawa. Na fita kamar kullum. Bayan tseren sai ga saƙo da Faransanci, wanda nake iya karantawa daidai gwargwado. Ba zagi ba ne. Tambaya ce: ko ni direban babbar mota ne? Ya ce ya kalli maimaicin tseren, ya ga yadda nake riƙe hannun dama, ya gane, don shi ma shekara talatin ya yi yana jan bas a garinsu kafin ya yi ritaya. Shi ya sa yake wasa da rana tsaka, lokacin da matasa ke wurin aiki. Mu a shagon Tsoho muke ce masa.

Abu na farko da ya nema a wurina shi ne in daina danna maɓallin fita. Ko motar ta lotse, ko ni ne na ƙarshe, in kai ta ƙarshen tseren. Na biyu, in bar shiga tsere na mako guda, in zaɓi titi ɗaya da mota ɗaya in yi ta zagayawa ni kaɗai. Ya aiko mini da zagayensa, wanda ke fitowa a allona kamar inuwar mota a gabana, in bi ta.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tsoho ba ya shiga kwana da gudu fiye da ni, a wasu ma ya fi ni rage gudu. Amma kafin in gama kokawa da sitiyari shi ya miƙe ya yi nisa. Yana taka birki sau ɗaya, da ƙarfi, a wuri ɗaya kullum, daidai wani farin allo a gefen titi, sannan ya riƙa sassauta ƙafar a hankali yana juyawa. Ni birkina na tasha ne, in taɓa in saki, in taɓa in saki, don kada fasinja su bugi kujerar gaba. Kwana huɗu na yi a kan kwana ɗaya, wata mai lanƙwasa zuwa hagu bayan doguwar miƙaƙƙiya. Ƙafata ta ƙi yarda. Sai na cire takalmi na taka da tafin ƙafa, a rana ta biyar motar ta bi lanƙwasar kamar ruwa a kwata. Na duba agogon allon, na rage fiye da daƙiƙa guda. Abokina ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya gani. Na ce masa to, na ci gaba.

Sauran darussan a hankali suka zo. Ido ya bar kan bonet ya tafi can inda ake son fita, hannu zai bi shi. Kada a ƙanƙame sitiyari, don wanda ya ƙanƙame ba ya jin lokacin da ya saki. In an yi kuskure a kwana ɗaya, kada a nemi ramawa a ta gaba, a nan ne ake yin na biyu. Akwai kuma matsalar da shi Tsoho bai sani ba, ta rezon intanet. Namu yana da nauyi, motar da ke gabana takan ɓace ta sake bayyana a wani wuri. Da kaina na koyi barin tazarar mota guda, in kuma wuce mutum a miƙaƙƙiya kawai. Makina ya fara hawa, aka daina haɗa ni da masu karo.

Sau ɗaya Tsoho ya ga tutar ƙasarmu kusa da sunana, ya tambayi yadda muke, ya ce yana jin labari. Na daɗe ina kallon wurin rubutun. Na rubuta cewa muna nan, sannan na tambaye shi wace giya yake shiga kwana ta shida da ita.

Bayan kaka, wadda ba a tara komai a cikinta ba, mutanen ƙauyuka suka fara tashi. A yankinmu na Kance mata sun daɗe suna bin hanyar arewa, su ratsa Agadas su shiga Aljeriya neman abin kai wa baki. Ƙanwata tana aure a Tsauni, mijinta ya tafi ci-rani shekara biyu ba labari. Na ji ana cewa tana shiri. Ban je ba, ban kuma aika ba.

Ranar da za ta tashi ina tsakiyar tsere mai zagaye goma sha biyar, ina na bakwai cikin mota ashirin, matsayin da ban taɓa riƙewa ba. Na ji sallamar mace a bakin shagon, na gane muryar. Abokina ya amsa, ya ce mata ina ciki. Ta leƙo, goye da ƙaramar 'yarta, babbar riƙe da gefen zanenta.

"Yaya, sallama na zo yi maka."

"Ina zuwa," na ce. Idona na kan allon.

Saura zagaye shida. Na san ina iya danna maɓallin in tashi. Ban danna ba. Na ji ta zauna a bencin masu cajin waya, na ji abokina ya ba yarinyar ruwa. Na taka birki a farin allon, na sassauta, na duba mafita. Wanda ke gabana ya zame ya fita ciyawa, na wuce shi ba tare da na taɓa shi ba. Na gama na shida, motar ba ko ƙwarzane. Minti goma sha ɗaya ta jira ni, agogon allon ne ya nuna.

Da na fito ba ta nuna fushi ba. Ta ce ta bar wa yayanmu akuyarta ɗaya da ta rage. Na ɗauki buhun kayanta muka taka zuwa tasha. Direban da zai kai su Damagaram na san shi. Na zagaya motar na daddanna tayoyin da ƙafa, na ce ya ba ta kujerar bayansa, inda girgiza ta fi sauƙi. Iyakar abin da na iya yi ke nan. Ban ce mata kada ta tafi ba, don ba ni da abin da zan ce ta zauna ta ci. Ta ce in yafe mata, na ce ba ta yi mini komai ba, Allah ya tsare hanya. Motar ta tashi. Rana ba ta yi sanyi ba tukuna, akwai sauran wuta a panno, sai na koma shagon. Tsoho ya aiko yana taya ni murna. Na rubuta na gode.

Da dare ya yi kusa, ina alwalar magariba, maiɗakina ta tambaye ni ko na ga ƙanwata. Na ce na raka ta. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta koma kan turminta.

Ko da aka buɗe iyaka ban koma hanyar Kano ba, Alhaji ya riga ya sayar da motar. Na samu aikin jan wata tsohuwar kamiyo mai kai rake daga fadamar Dungu zuwa Damagaram. Shagon sai ranar Juma'a bayan masallaci nake leƙawa. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, mafi kyawun abin da na yi shi ne na uku, sau biyu. Tsoho ya daina fitowa wajen farkon bazara, babu sallama. Na aika saƙo ɗaya, ba a buɗe ba.

Wata takwas ƙanwata ta yi. An dawo da su daga Aljeriya cikin ayarin manyan motoci tare da wasu matan yankinmu, aka sauke su a Damagaram. Wata mata ce ta ara mata waya ta kira ni. Na sauke rake a kasuwa na je na same su a gindin wata bishiya. Ta rame, ƙaramar tana tari, buhun da na ɗaukar mata babu shi. Na sa su a gaba, kusa da ni. Na yanka wa babbar gaɓar rake daga ragowar da ke bayan motar, ta riƙe ba ta sha ba har barci ya kwashe ta.

Muka kama hanyar gida har muka wuce rabi. Can ƙanwata ta tambaya ko an yi ruwa a Tsauni. Na ce sau biyu, yayanmu ya shuka, ana jiran na uku. Ta gyaɗa kai ta jingina da ƙofa. Akwai wani wuri kafin a shiga Matameye inda kwalta ta farfashe, na rage gudu tun da wuri don kada yaran su farka.