Mangwaron da ke Tsallaken Rafi

Ina zaune a zaure bayan la'asar, takalmi a ƙafa, sanda a kan cinya, ina jiran Malam Isiyaku ya zo mu fita yawonmu, labarin ya iso. Tun da idanuna suka tafi, da taku nake gane mutane, nasa kuwa yana da ɗan ja saboda gwiwar hagu. Takun da na ji ranar mai sauri ne, ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak. Kabiru ne, babban ɗansa. Ya durƙusa ya ce, "Baba Lawal, sai haƙuri. Malam ya cika. Yana alwala ya hwaɗi, kahin mu samo mashin rai ya yi halinshi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da takalmin da na sa domin yawo na bi gawarsa maƙabarta.

'Yata Maryam ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini komai. Ni da marigayi tare muka fara koyarwa muna samari, a wata firamare kusa da Daudawa. Aiki ya jefa shi Sabuwa, ya jefa ni Ƙanƙara, ritaya ta sake haɗa mu. Duk wanda ya zauna da shi, abu ɗaya zai fara faɗa maka: mutumin nan ba ya ƙarya. Ba ya yin ta ko ta wasa, har abin yakan ba mutum haushi. Na taɓa raka shi kasuwar Ƙanƙara sayar da sa. Ciniki ya kusa faɗawa, sai ya dafa mai saye ya ce, "Ka sani hwa, yana tari in sanyi ya sauka." Dillali ya zare mana ido kamar ya haɗiye mu. Muka koro sanmu muka dawo, ina ta yi masa tsiya a hanya, shi ko a jikinsa. A aji ma, yaro ya fasa tulu ya faɗi gaskiya ba ya shan bulala. Wanda ya yi ƙarya kuwa sai ya kama kunnensa ya ce, "Ƙarya hure take, ba ta 'ya'ya." Almajiransa na boko sun yi furfura yanzu, amma har yau da muryarsa suke faɗin wannan karin magana.

Shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane sakat, muka bar ƙauyenmu da ke tsallaken rafi muka tare a Sheme. A wannan tsakanin ne ciwon ido ya ƙarasa ni. Matata Hajara ta riga ta rasu. Abin da ya rage mini nata shi ne wasu bishiyoyin mangwaro da muka dasa a bakin fadama, ita ta raine su da tulu a ka. Na rasa mata, na rasa gida, na rasa gani, sai na shige ɗaki na juya wa duniya baya. Abinci ma sai Maryam ta yi kuka nake taɓawa. Ban ɓoye ba, mutuwa nake jira, har ina ganin ta yi nawa.

Wata rana da sanyi ya fara sallama, Malam Isiyaku ya shigo ba tare da doguwar gaisuwa ba, ya jefo mini takalmina. "Tashi mu tahi bakin teku," in ji shi. Ya taɓa zuwa Ikko sau ɗaya ya ga teku, tun daga nan ya raɗa wa gurbin ruwan da ke saura a rafinmu da rani wannan suna. Na ce ya ƙyale ni. Ya ce, "Ƙahwa in ka hutar da ita, ita ma sai ta hutar da kai. Tashi, ba ni da ƙarhin ɗaukar ƙato." Ya kama kan sandata, na riƙe gindin, muka fita.

Yawon gajere ne, kuma lokacinsa ɗan kaɗan ne a shekara. Da damina dawa takan yi tsawo, ba ka sanin wanda ke ɓoye a ciki, ba mai hankalin da zai fita bayan gari. Da tsakiyar sanyi ƙirjina ba ya ɗauka, da bazara rana ba ta bari. Sai wannan ɗan tsakani, an kwashe amfani, fili ya buɗe, mai ido yana hango abin da ke tafe tun daga nesa. Mukan bi ta bayan masallaci, mu ratsa gonakin da kara ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa, mu wuce wata ɗorawa, mu zauna a kan falalen dutse a bakin ruwa. Daga nan ana hango tsallake. Ba ma ƙetarawa, kuma kafin rana ta yi ja mun juyo.

A kan dutsen nan yake ba ni aron idonsa. Yakan ce ga balbela sun jeru a bakin ruwa, ga shirwa tana shawagi, ɗorawa ta sako jajayen furenta suna reto. Ni kuwa tambayata ɗaya ce kullum: "Mangwaron fa?" Ranar farko ya ce, "Suna nan. Sun yi hure, har ganyen bai ganuwa." Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba. Da muka dawo na cinye tuwona tas, har Maryam ta ƙaro mini. Na ƙudurta a raina ba zan mutu ba sai na sake dafa jikin bishiyoyin nan.

Haka muka yi ta yi, shekara na bin shekara. Yakan ce mutane sun fara komawa lambu, ga albasa ta yi kore shar. Wani lokaci zuciyata takan yi mini gardama, domin makaho ba kurma ba ne. Na taɓa ce masa, "Malam, ban ji ƙarar injin ban-ruwa ba." Ya ce, "Mai ya yi tsada, sun koma jan ruwa da jigo." Wata rana iska ta taso daga tsallake, na buɗe hanci ina neman ƙamshin fure, ban ji komai ba sai ƙaurin tsohuwar gobara. Na so in yi magana, sai na tuna wanda ke zaune kusa da ni. Mutumin da ya tona asirin sansa a tsakiyar kasuwa, shi zai yi mini ƙarya? Na kori shaiɗan.

A wurin zaman makoki liman ya yi masa kyakkyawar shaida. Ya ce, "Jama'a, wa ya taɓa jin ƙarya bakin wanga bawan Allah?" Aka amsa gaba ɗaya, babu. Ni ma na ce babu, da ƙarfi.

Bayan an watse daga addu'ar bakwai na roƙi Kabiru ya kai ni bakin tekun ubansa. Ya yi ta kawo uzuri, na matsa masa. Da muka zauna a kan dutsen na ce, "To, gaya mini, mangwaron sun yi fure bana?"

"Baba, ni ban iya abin da Malam ya iya," in ji shi. "Babu mangwaro. Tun shekarar da munka taso anka sa wa ƙauyen wuta, abin da ya tsira masu gawayi sunka sare. Tsallaken nan ba kowa, sai kututture."

Na ce, "Kowa ya sani?"

"Kowa ya sani, har Maryam. Gida gida Malam ya bi yana roƙon kar a hwaɗa maka. Kuma duk ranar da kunka dawo bai cin abinci. Yana bisa buzu yana istigfari har isha. Inna ta ce mashi ya bari haka nan, ya ce, 'In na bari, Lawal ya koma ɗaki. Gara ni in ɗauka.'"

Tun ranar ba na samun barcin kirki. Na yi baƙin cikin bishiyoyin Hajara, amma ba su ne ke hana ni runtsawa ba. Abin da ke cin raina shi ne mutumin da ya tsare harshensa tun yana yaro har ya yi furfura, ya zo gab da kabari ya karya abin da ya fi ƙauna, saboda ni. Yana tsoron Allah, ya san abin da yake yi, kuma kowace yamma ya sake zuwa ya kama sandata. Yanzu yana inda ake tambaya, ni da aka yi domina ina nan ina shan iska. Na je wurin liman na zayyana masa komai. Ya ce Allah yana duban niyya, kuma haƙƙin nawa ne, in na yafe ya wuce. Maganarsa ta ɗan sanyaya mini, amma na fi so in faɗi yafiyar a gaban jama'a, tun da a gaban jama'a aka yi shaida.

Ya Allah, Kai ne Ka ga abin da ke tsallaken rafi, Kai ne Ka ga abin da ke cikin zuciyar bawanKa Isiyaku. Na yafe masa duniya da lahira, kada Ka tambaye shi komai a kaina. Yakan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ya Ubangiji, wannan guda ɗayar ta yi, domin ga ni da rai, ina fita da ƙafata zuwa masallaci. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka zaunar da shi a inuwar da ba a sarewa. Ka ba matarsa Hajiya Binta haƙurin rashinsa, Ka shirya Kabiru da ƙannensa, Ka albarkaci abin da ya bari. Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina, masu gona su koma gonakinsu lafiya. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa ni da abokina a inda zan gani da idona. Amin.